Hamlet da Ramuwar Gayya: Wa Ya Canza, Kuma Me Ya Zama?

"Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a sashen nazarin adabi, an ba mu aiki mu bayyana yadda taurarin wasan Hamlet suke sauyawa daga farko zuwa ƙarshe. Na karanta shi sau biyu, amma abin da na gani kawai shi ne mutum mai jan ƙafa, wanda daga ƙarshe ya yi ta maza ya kashe baffansa. Shin wannan ne sauyin? Sauran kuma fa, uwar da budurwar da sarkin, sun canza ne ko mutuwa kawai suka yi?"

Barka kadai, 'yata. In na fahimce ki, abu biyu kike tambaya: ko tafiyar Hamlet daga tsoro ce zuwa jarumta, da kuma ko waɗanda ke kewaye da shi suna da tasu tafiyar. Amsar da kika kawo ita ce ɗalibaina suka fi rubutawa a shekarun da na yi ina koyar da wannan wasa, kuma ban taɓa ganin laifinsu ba, don haka labarin yake idan an taƙaita shi. Sai dai ni ban gamsu da ita ba. Zan rubuta sunayen taurarin yadda muke furta su a aji.

Abin da masu kallo suka saba gani

William Shakespeare ya rubuta Hamlet wajen shekarar 1600 zuwa 1601, lokacin da mutanen Landan sun riga sun saba da wasannin ɗaukar fansa. An tattara wasannin Seneca, marubucin tsohuwar Rum, cikin Turanci a 1581, kuma a wannan zamanin ne Thomas Kyd ya yi wani wasa da ya samu karɓuwa ƙwarai, a kan wani dattijo mai suna Hiyeronimo a fadar Sifaniya. Aikin dattijon nan yanke wa mutane hukunci ne. Aka rataye ɗansa a lambun gidansa, masu kisan kuma 'yan gidan sarauta ne, ya nemi hakkinsa wurin sarki bai samu ba. Kafin a tashi wasan, ya shirya kisan mutane a bainar jama'a, ya gatsa harshensa ya tofar, ya kashe wani basarake da bai taɓa ɗansa ba, sannan ya kashe kansa. Zubin irin waɗannan wasanni ke nan: mai zalunci ya fi ƙarfin shari'a, wanda aka zalunta ya ɗauki doka a hannunsa, kuma a kan hanya sai ya riƙa kama da wanda yake farauta.

Shi kansa labarin Hamlet tsoho ne. Wani malami ɗan Denmak, Saxo Grammaticus, ya rubuta shi wajen shekarar 1200. A can, yariman sunansa Amlet, kowa ya san baffansa ne ya kashe ubansa, ya yi haukan ƙarya don ya tsira, da ya samu dama ya cinna wa zauren fada wuta, ya kashe baffan, ya hau gadon sarauta. Amlet bai canza ba, dabara ce da shi tun farko kuma ta ci. A wasan Shakespeare kuwa, baffan ya kashe uban Hamlet, sarkin Denmak, a ɓoye, ya gaje sarautarsa, babu mai shaida sai fatalwar mamacin, sannan nauyin fansa ya hau kan Hamlet, ɗalibin jami'ar Witenbag ta ƙasar Jamus, mai yawan tunani. Daga nan ne sauyin hali ya zama jigon wasan.

A ajina, tambayar farko da ake yi kullum ita ce me ya hana shi kai ƙara. Wurin wa? Wanda ya yi kisan shi ne sarki, shi ne alƙalin alƙalai. Mu da muka tashi da sanin cewa waliyyin wanda aka kashe yana da hakki, amma ta hannun hukuma, kuma aya ta 33 a Suratul Isra'i ta gargaɗe shi kada ya wuce iyaka a kisa, muna da ma'auni mai kyau na karanta wasan nan. Ki ƙirga gawarwaki: don ran mutum ɗaya, mutum takwas suka tafi.

Hamlet

Ki lura da shi a kashi na farko, kafin ya ga fatalwa. Yana cikin baƙaƙen kaya, yana fatan da Allah bai haramta kashe kai ba. Ciwonsa a lokacin na uwarsa Gatrud ne, wadda ta auri ƙanen mijinta, Kalodiyas, ba a cika wata biyu da rasuwa ba. A wurinmu auren ƙanen miji bayan rasuwa halal ne, amma cocin Ingila na wancan zamani yana ɗaukarsa auren muharrami, shi ya sa kalaman Hamlet suke da zafi haka. Ɗalibaina mata kan hango wani abu nan take: ko takaba ba ta gama ba. Ke nan tun kafin a yi masa maganar kisa, ya riga ya yanke ƙauna da duniya. Fatalwar ta samu ciwo ne a buɗe.

Umarnin fatalwar kuwa kashi uku ne, kuma ina roƙonki ki rubuta su a gefen littafinki: ya ɗauki fansa, kada ya gurɓata zuciyarsa, kuma kada ya taɓa uwarsa, ya bar ta da Allah da ƙayar da ke sukar ƙirjinta. Duk wasan gwaji ne na ko mutum zai iya cika na farko ba tare da ya karya na biyu ba.

Jinkirin da kike gani yana da dalili mai ƙarfi a kashi na biyu. Hamlet da bakinsa ya ce mai yiwuwa abin da ya gani shaiɗan ne da ya ɗauki surar ubansa don ya halaka shi. Duk Bahaushen da aka ce masa mamaci ya dawo yana neman a zubar da jini, wannan tunanin zai fara yi. Saboda haka ya sa 'yan wasan da suka zo fada su kwaikwayi kisan a gaban sarki, a ɗiga wa mai barci dafi a kunne cikin lambu, ya kuma roƙi amininsa Horeshiyo ya sa ido a fuskar Kalodiyas. Wannan halin mai neman hujja ne kafin hukunci, kuma a ganina shi ne mafi kyawun abin da ke cikin Hamlet.

Inda ya juya shi ne kashi na uku, a dare ɗaya. Sarki ya tashi a firgice daga kallon wasan, hujja ta samu. Hamlet ya tarar da shi a durƙushe yana addu'a, shi kaɗai, ya zare takobi, sannan ya mayar. Mutane da yawa suna kiran wannan tsoro. Ki karanta dalilin da ya bayar: in ya kashe shi yana cikin tuba, zai tafi aljanna, gara ya jira lokacin da yake cikin maye ko fushi ko alfasha, don ya faɗa wuta. Nan ya wuce neman ƙisasi, ya shiga hurumin da ba nasa ba, yana so ya yanke wa mutum hukuncin lahira. Hausawa suka ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, kuma ban san wurin da ya fi wannan fitowa nuna ma'anar karin maganar ba. Mintoci kaɗan bayan haka, a ɗakin uwarsa, ya ji motsi a bayan labule, ya soka takobi bai duba ba. Mutumin da ya shirya wasa guda don ya tabbatar da laifi, shi ne ya kashe Foloniyas, mashawarcin sarki, ba tare da ya ga fuskarsa ba. Ya ce ya yi nadama, amma a wannan fitowar kuma ya kira gawar wawa mai shisshigi, ya ja ta kamar buhu. Daga wannan dare Hamlet ya zama wa wasu abin da Kalodiyas ya zame masa: wanda ya kashe musu uba.

Sai aka tura shi Ingila tare da abokan ƙuruciyarsa biyu, Rosenkiranz da Gildenstan, ɗauke da wasiƙar da ke umartar a sare kansa. Ya buɗe ta a cikin jirgi da dare, ya rubuta wata, ya buga mata hatimin ubansa, ya sa sunayensu a madadin nasa. Babu inda wasan ya nuna sun san abin da ke cikin takardar. Akwai wata 'yar magana a nan da nake tsayar da aji a kanta kowace shekara: ya rubuta a kashe su nan take, kada a ba su ko lokacin tuba. To abin da ya fi ci wa fatalwar ubansa rai ke nan, cewa an ɗauke shi cikin zunubinsa bai shirya ba. Da Horeshiyo ya nuna alamar damuwa, Hamlet ya ce mutuwarsu ba ta kusa da zuciyarsa. Dafi a ɓoye da wasiƙa a ɓoye makaman baffansa ne, kuma ga shi ya iya su.

Amma in na tsaya nan na zalunce shi, don Hamlet ɗin da ya dawo a kashi na biyar ya samu wani abu da ba shi da shi a da. A kashi huɗu na farko yana yawan tsayawa shi kaɗai yana zancen zuci, yana zagin kansa, yana auna rayuwa da mutuwa. A kashi na biyar babu zancen zuci ko ɗaya. A maƙabarta ya riƙe ƙoƙon kan Yorik, wawan sarki da ya goya shi yana yaro, wanda ya shekara 23 a ƙasa, yana kallon mutuwa ido da ido ba tare da rawar jiki ba. Da aka kira shi wasan takobi da Layatis, ɗan Foloniyas, zuciyarsa ta ba shi akwai sharri, Horeshiyo ya ce bari ya je ya ce ba shi da lafiya, ya ƙi. Ya ce ko ɗan tsuntsu ba ya faɗuwa sai da ƙaddara, abin da zai zo in bai zo yanzu ba zai zo gaba, shiri shi ne komai. Duk lokacin da muka zo nan, sai wani ɗalibi ya ce, "Malam, ai tawakkali ke nan." Ina yarda da su, amma ina ƙara musu cewa wannan natsuwar ta zo ne a fitowa ɗaya da maganarsa a kan abokansa biyu. Ya daina tsoron tasa mutuwar, kuma mutuwar wasu ta yi masa sauƙi. Sauyin nasa biyun nan ne a haɗe, kuma duk amsar da ta ɗauki ɗaya ta bar ɗaya, rabin Hamlet ta kawo.

Game da "ta maza" da kika ce ya yi a ƙarshe, ki sake duba fitowar. Bai shiga zauren da wani shiri ba. Kalodiyas ne ya shirya komai, aka tanadar wa Hamlet takobi mai dafi da kofin guba. Sai da uwarsa ta sha gubar ta faɗi, sai da Layatis ya gaya masa dafi na jikinsa kuma ba zai ƙara rabin awa ba, sannan ya soki sarki ya ɗura masa sauran gubar. Kuma kalmarsa ta ƙarshe ga sarkin ita ce, "Bi uwata." Sunan uban da aka faro wasan dominsa bai fito daga bakinsa a wannan lokacin ba.

Layatis

Shi sauyinsa a fili yake, kuma Shakespeare ya ajiye shi ne kamar madubi. A farko saurayi ne mai son komawa Faransa, mai yi wa ƙanwarsa Ofiliya, budurwar Hamlet, nasiha. Da ya ji an kashe ubansa, ya dawo da taron jama'a suna kiran a naɗa shi sarki, suka fasa ƙofar fada. Da Kalodiyas ya tambaye shi me zai yi don ya nuna shi ɗan ubansa ne, ya ce zai yanka maƙogwaron Hamlet ko a cikin coci. Ki ajiye wannan kusa da Hamlet da ya mayar da takobi a wurin addu'a. Layatis ne jarumin da masu kallo suke cewa suna so, mai zafin nama, kuma a zama ɗaya sarki ya mayar da shi makami, har shi da kansa ya kawo shawarar shafa wa takobi dafi. Ana cikin wasan takobin ya ce a ransa abin ya kusa saɓa wa zuciyarsa, amma ya soka. Da takobin ya koma kansa, ya yarda cewa tarkon da ya ɗana ne ya kama shi, ya tona asirin sarki, ya nemi su yafe wa juna da Hamlet. Cikin duk masu neman fansa a wasan, shi ne ya mutu da tuba mafi tsabta.

Sarkin da matan biyu

Kalodiyas ne aka fi yi wa gaggawa a amsoshin ɗalibai, ana cewa mugu ne daga farko har ƙarshe. Ki dube shi a zamansa na farko a fada: sarki ne mai iya magana, ya aika jakadu biyu ƙasar Nowe, ya kashe wutar yaƙin da Fotinbras, yariman ƙasar, ke shirin kunnawa ba a zubar da jini ba. Kisa ɗaya ya yi, yana fatan daga shi an gama. A wurin addu'ar nan ya faɗi gaskiyar da babu wanda ya tilasta masa: ta yaya za a gafarta masa alhali yana riƙe da abin da ya yi kisan dominsa, sarauta da buri da sarauniya? Ya san sharaɗin tuba, mayar da hakki, ya kuma san ba zai iya ba. Daga ranar da ya tashi daga durƙuson nan ba mu ƙara jin zuciyarsa ta motsa irin haka ba. Wasiƙar kisa, sannan zuga maraya Layatis, sannan guba a kofi. A ƙarshe matar da ya ce rayuwarsa na rataye da ita ta ɗauki kofin, abin da ya iya cewa kawai kada ta sha. Tsalle ɗaya zai kaɓe kofin, amma asirinsa zai tonu, sai ya zauna. Da ta faɗi ma ya ce ganin jini ne ya sa ta suma. Wannan gangarowa ce mai matakai, kuma za ki iya bin ta fitowa bayan fitowa.

Ofiliya tana sa ni baƙin ciki duk shekara. Yarinya ce mai biyayya: ubanta ya ce ta rabu da Hamlet, ta ce to. Aka sa ta ta tsaya da littafi a hannu a matsayin tarko, uba da sarki suna laɓe, ta tsaya. Hamlet ya zazzage mata duk haushin da yake ji na uwarsa. Sannan wanda take so ya kashe ubanta, aka binne shi a gaggauce, yayanta yana wata ƙasa. Duk waɗanda suke gaya mata abin da za ta yi sun watse a lokaci guda. Hamlet haukan ƙarya ya ce zai yi, ita kuwa na gaske ya same ta, kuma a cikinsa ne kawai ta yi magana a fada ba da izinin kowa ba, tana waƙoƙin mutuwa da na budurwar da aka yaudara, tana rarraba furanni. Wata shekara da muka shirya wasan da ɗalibai, yarinyar da ta fito a Ofiliya ta tambaye ni ko za ta iya kallon sarki cikin ido a wannan fitowar, tunda a baya kullum kanta a sunkuye yake. Na ce ta gwada. Wannan ɗaga kai kaɗai ya nuna wa masu kallo sauyin fiye da duk bayanin da na yi a allo.

Gatrud ce wurin da zan ce ki taka a hankali, don rubutun da kansa bai yanke hukunci ba. An buga wasan a siffa uku da suka bambanta, a 1603, da 1604, da kuma cikin babban kundin 1623. A bugun 1603 ta rantse ba ta san da kisan ba, ta kuma yi alkawarin taimakon ɗanta. A sauran biyun, waɗanda aka fi karantawa, ta ce ya raba mata zuciya biyu, ta ga baƙaƙen tabo a ranta, ta rufa masa asiri wurin sarki. Amma kuma da Layatis ya shigo da fushi, ita ce ta riƙe shi tana kare mijinta. A fitowar ƙarshe mijin ya ce kada ta sha, ta ce za ta sha, ya yi mata afuwa. Wasu masu shirya wasan suna nuna ta gane guba ce ta sha don ta ceci ɗanta, wasu suna nuna ba ta sani ba. Ni na fi karkata ga cewa ba ta sani ba, amma ina riƙe da abu ɗaya da ke rubuce: da numfashinta na ƙarshe ta ƙaryata mijinta a gaban fada, ta kira ɗanta, ta ce abin shan ne. Idan za ki rubuta a kanta, ki faɗi karatun da kika zaɓa, ki kawo layin da kika dogara da shi, kada ki sa mata abin da ba ta faɗa ba.

Hanyar da nake ba ɗalibai don irin wannan aiki mai sauƙi ce. Ki ɗauki abu ɗaya, ki ga me tauraro ya ce ko ya yi a kansa da farko, da kuma a ƙarshe, sannan ki nemo fitowar da ta raba tsakani. A Hamlet, ki ɗauki kashe kai. A kashi na farko yana fatan da an halatta shi, a kashi na uku yana auna shi da tsoron abin da ke bayan kabari. A kashi na biyar kuwa, yana kwance dafi na cinsa, Horeshiyo ya ɗauki kofin gubar zai bi shi, Hamlet ya tattara sauran ƙarfinsa ya fizge kofin, ya roƙe shi ya daure ya rayu don ya ba da labarinsa yadda yake. Horeshiyo shi ne mutumin da Hamlet ya yaba da cewa zuciya ba ta jan shi, kuma sau ɗayan nan ne ta kusa jan shi.

Kada ki manta da Fotinbras, ko da layi biyu ne. Shi ma an kashe masa uba, kuma tsohon sarki Hamlet ne ya kashe shi, a ranar da aka haifi yarima Hamlet, shekara 30 kafin nan bisa lissafin mahaƙin kabari. Baffansa, sarkin Nowe, ya tsawata masa, ya janye daga yaƙar Denmak, ya juya rundunarsa zuwa Foland. Yana dawowa ya tarar da gawarwaki huɗu a zauren Elsino, fadar sarkin Denmak, da labarin cewa Hamlet ya ba shi goyon baya kafin ya cika. Ya karɓi ƙasar, ya sa hafsoshi huɗu su ɗauki Hamlet kamar yadda ake ɗaukar soja, a buga masa bindiga. Ki tambayi kanki ko wannan jana'izar ta dace da ɗalibin Witenbag da kika gani cikin baƙaƙen kaya a kashi na farko, ko kuwa da mutumin da ya dawo daga teku, sai ki fara rubutunki daga amsar da kika samu. Allah ya ba da sa'a.